Karatun Turanci a Jami'a: Bayani ga Hakimai da Magatakardansu

Ko wace shekara idan lokacin neman shiga jami'a ya zo, iyayen yara sukan taru a ƙofar Hakimi don neman takardar shaida, su kuma nemi shawara. Akan sami uban da ɗansa ya zaɓi fannin Turanci yana tambaya, shin yaron da ya shekara 12 yana koyon Turanci a firamare da sakandare, me ya rage masa ya koya, wane aiki kuma zai samu in ya gama? An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da magatakardansu su sami amsar da za su bayar.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horad da malamai, aka kuwa ƙarfafa koyon furucin Turanci ƙwarai a cikinta. Daga nan Sir Ahmadu Bello ya fito, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya shahara da daɗin Turanci, da Alhaji Abubakar Imam wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Amma digiri a fannin Turanci bai samu a ƙasar nan ba sai bayan da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ƙarƙashin Jami'ar Landan. A ƙasar Arewa kuwa, an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ran 4 ga Oktoba 1962, aka kafa na Sakkwato da Maiduguri da Jos a 1975, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Dukansu suna koyad da wannan fanni.

Abin da A Ke Koyarwa

Karatun ya kasu kashi biyu, watau harshe da adabi. A ɓangaren harshe ɗalibi yakan koyi ilmin furuci, da nahawu, da ma'anar kalmomi, da tarihin harshen, da irin Turancin da a ke yi a Nijeriya. Ga misali guda. Hausa tana da wasula 5, ko wanne da dogo da gajere, alhali Turancin Ingila yana da sautin wasali wajen 20. Haka kuma Bahaushe ba ya rarrabe p da f a bakinsa, Bature kuwa yakan bambanta kalma da kalma da su. Malamin da ya san dalilin wannan tuntuɓe shi ne ke iya gyara bakin yara, wanda bai sani ba sai faɗa kawai.

A ɓangaren adabi akan karanta waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari, tun daga Shakespeare har zuwa marubutan Afirka, a kuma nazarci adabin baka, kamar tatsuniya da kirari. A shekarar ƙarshe ko wane ɗalibi yakan rubuta kundin bincike da kansa. Amfanin wannan duka shi ne mutum ya iya karanta doguwar takarda ya tsamo cikinta, ya kuma rubuta tasa ba tare da kwana-kwana ba. Ko wane magatakarda ya san darajar wannan.

Sharuɗɗan Shiga

Dole yaro ya sami kiredit a darasi 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci da Adabin Turanci. Sa'an nan ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Karatun shekara 4 ne, amma mai takardar NCE yana iya shiga aji na biyu ya gama cikin shekara 3. Bayan digiri sai hidimar ƙasa ta shekara guda, wadda aka soma a 1973. Yaron da bai ɗauki darasin Adabin Turanci tun daga sakandare ba, ƙofa ta rufe masa, ko da ya ci sauran darussa. Saboda haka tun yana aji 4 na sakandare ya kamata a tsai da shawara.

Ayyukan da Ya Ke Kaiwa Gare Su

Na farko, koyarwa, ita ce kuwa hanya mafi faɗi. Ko wane fanni yaro zai karanta a jami'a, likita ko injiniya, sai ya ci Turanci, saboda haka babu makarantar da za ta wadatu ba da malaminsa ba. Sai dai wanda digirinsa ba na koyarwa ba ne yana bukatar ƙarin difloma a fannin ilmi, da rajista a hukumar malamai ta TRCN, wadda aka yi dokarta a 1993.

Na biyu, aikin jarida da rediyo da fassara. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma gidajen rediyo irinsa da jaridu kullum suna juya labari daga Turanci zuwa Hausa. Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda a ke tuhuma da laifi ikon samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. A nan wanda ya riƙe Hausarsa da kyau ya fi wanda ya yar da ita.

Na uku, aikin Gwamnati da na kamfanoni, inda a ke bukatar mai tsara wasiƙu da rahotanni da bayanin taro. Na huɗu, talifi da gyaran littattafai. Chinua Achebe ya shiga Ibadan a 1948 don karatun likita, ya sauya zuwa Turanci da tarihi da ilmin addini, ya yi aikin rediyo, ya fitar da Things Fall Apart a 1958. Zaynab Alkali ta ƙasar Barno ta karanta Turanci a Kano, ta koyar a Jami'ar Maiduguri, ta buga The Stillborn a 1984. Helon Habila, mutumin Kaltungo, ya karanta Turanci a Jos, ya ci kyautar Caine a 2001.

Gargaɗi

Kada a ruɗi iyaye. Digirin Turanci ba ya mai da mutum lauya, wannan yana da nasa digiri da tasa makaranta. Ba kuma ko wane mai digiri ne Gwamnati ke iya ɗauka ba, gama masu neman aiki sun fi guraben yawa. Wanda ya haɗa digirinsa da wata ƙwarewa, kamar fassara ko aikin kwamfuta ko koyarwa, shi ya fi saurin samun abin yi. Wanda kuwa ya shiga fannin don an hana shi wani, ba ya kuma son karatun littafi, wahala zai sha shekara 4.

Roƙo ga Hakimai

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani a gaban Dagatai da Masu Unguwanni. Su ja kunnen iyaye a kan darasin Adabin Turanci, su kuma nuna musu cewa 'ya'ya mata suna da rabo a fannin nan daidai da maza, tun da makarantun 'yan mata suna bukatar malamai mata. Magatakarda kuma su hanzarta takardun shaida, su tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa sun dace da abin da ke cikin takardun jarrabawarsa, domin saɓanin harafi ɗaya yakan jawo jinkiri mai tsawo. Gundumar da ta tura 'ya'yanta su karanto wannan fanni, ita ce za ta sami malaman da za su komo su koyad da ƙannensu.