Tafkin Kainji Na Jiran Binciken Ɗaliban Jami'o'inmu

Bisa ƙa'idar jami'o'in ƙasar nan, ba a ba ɗalibi digirinsa na farko sai ya zaɓi wata matsala a fannin karatunsa, ya bincike ta a ƙarƙashin kulawar malami, sa'an nan ya rubuta abin da ya gano. Ta haka ne ake rubuta dubban kundaye kowace shekara, amma galibinsu da zarar an ba su maki sai a jibge su a ɗakin ajiya, ƙura da gara su gaje su. Alhali kuwa ga ƙasar Yawuri, watau ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, inda jama'ar bakin Tafkin Kainji ke fama da matsalolin da binciken ɗalibi zai iya taimakawa wajen warware su.

Wanda ke shakkar darajar kundin ɗalibi sai ya dubi tarihin Farfesa Mahdi Adamu, haifaffen Ngaski. A shekarar 1968 ya gabatar wa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kundin digirinsa na biyu a kan yadda sarautar Yawuri ta raunana a ƙarni na 19. Daga wannan tushe ne ya faɗaɗa nazarinsa har ya wallafa littafinsa a 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, daga bisani kuma ya shugabanci Jami'ar Sakkwato daga 1982 zuwa 1989. Har yanzu masu nazarin tarihin Yawuri suna komawa ga wannan kundi, domin kuwa marubucinsa ya zaɓi ƙasar da ya sani, ya kuma yi aikin tsakani da Allah.

A wannan shekara ta 1968 ne kuma aka tare Kogin Kwara a Kainji, bayan an fara ginin madatsar a 1964. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,270, aka ta da mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, cikinsu har da Gungawa waɗanda suka shahara da noman albasa a tsibirai da bakin kogi. Gwamnatin Tarayya tare da Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa aikin binciken tafkin, wanda ya zama cibiya mai zaman kanta a 1975, a 1987 kuma aka mayar da ita cibiyar binciken kifin kogi da tafki ta ƙasa baki ɗaya, tana da mazauni a Sabuwar Busa. Malaman jami'o'in Ife da Ibadan su ma sun yi aiki a bakin tafkin tun farkon cikarsa.

Abin da waɗannan masana suka ƙidaya shi ya tona wa hukuma halin da su ke ciki. A 1971 an kama kifi fiye da ton 28,000 a tafkin, amma kafin 1978 abin ya faɗi ƙasa da ton 5,000. Sabon tafki yakan yi albarka da farko saboda takin ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye, daga nan sai albarkar ta ja baya, masunta kuwa suna ta ƙaruwa. A shekarun 1990 wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus ya sake ƙidaya masunta da jiragensu da kayan sunsu, ya nuna irin ɓarnar da taru mai ƙananan idanu ke yi wa 'ya'yan kifi, har jihohin Kabi da Neja suka hana amfani da shi. In da ba a auna ba, da ba a san inda gizo ke saƙar ba.

To, a yau Jihar Kabi ba ta rasa jami'o'i ba. Akwai ta kimiyya da fasaha a Aliero wadda aka kafa a 2006, da ta Tarayya a Birnin Kabi tun 2013, da ta aikin gona a Zuru tun 2020, ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Bugu da ƙari, sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Wannan kashi 30 ƙofa ce da aka buɗe, kuma babu abin da zai hana a shigar da darussan tafki da kogi ta cikinta.

Matsalolin da za a bincika ba ɓoyayyu ba ne. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Ɗalibin nazarin ƙasa zai iya zana taswirar wuraren da kututtura da duwatsu suke a hanyar jirage, na injiniya kuma ya auna nauyin da kowane irin jirgin katako zai iya ɗauka. Ɗalibin kiwon lafiya ya ƙidaya yaran da ke fama da tsargiya a ƙauyukan bakin ruwa. Na kimiyyar sinadarai ya gwada ruwan da ke kusa da wuraren haƙar zinariya. Na tattalin arziki ya bi kwandon kifi da buhun albasa daga kasuwar Yawuri zuwa inda za a sauke su, ya gano ko nawa ke shiga aljihun masunci da manomi. Na harsuna kuma ya tattara kalmomi da labaran Gunganci da Kambarci daga bakin dattawa tun suna raye.

Amma fa ɗalibi shi kaɗai ba zai iya ba, domin kuɗin mota da na jirgi da na gwaji sun fi ƙarfin aljihun iyayensa, shi ya sa wasu ke zaɓar batun da za a gama a ɗakin kwana. Saboda haka ya kamata majalisun jami'o'in nan su yi abu uku. Na farko, kowane sashe ya nemi jerin matsaloli daga ma'aikatu da ƙananan hukumomi da Masarautar Yawuri, a riƙa raba wa ɗalibai, kuma ɗalibin bana ya ɗora daga inda na bara ya tsaya, don ƙidaya ba ta da amfani sai an maimaita ta shekara da shekaru. Na biyu, a keɓe wani abu don fitar ɗalibai bincike, a kuma ƙulla yarjejeniya da cibiyar Sabuwar Busa don amfani da ɗakunan gwajinta. Na uku, a wajabta wa kowane ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen sakamakon bincikensa da Hausa, a kai wa sarkin ruwa da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, domin su ne suka ba da lokacinsu aka yi musu tambayoyi.

Ma'aikatan gwamnati su ma da nasu nauyin. Jami'in sashen kifi ko na lafiya da zai tsara aikin shekara, ya dace ya fara tambayar abin da ɗalibai suka gano kafin ya rubuta kasafinsa. Su kuma ɗalibai, musamman 'yan ƙasar Yawuri, su tuna cewa su ne suka san harshe da hanya da mutane, kuma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Allah ya sa a gyara.