Hanyoyin jini a wuya da shanyewar ɓarin jiki

A Bambeye da sauran garuruwan Adar, kowa ya san wani dattijo da ya kwanta lafiya lau, ya tashi hannu da ƙafa sun mutu, baki ya karkace. Wasu na cewa aikin iskoki ne. Gaskiyar magana, ciwon yana cikin jijiyoyin jini.

Yadda jini ke isa ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tamkar garkar albasa ce, jini shi ne ruwanta. Jijiyoyi 4 ne ke kai mata jini. Biyu manya suna gaban wuya, dama da hagu. Wanda ya aza yatsa a gefen maƙogwaro zai ji suna harbawa. Biyu kuma suna bi ta ƙashin wuya, ta baya. A gindin ƙwaƙwalwa dukansu suna haɗuwa kamar zobe. Wani lokotoron Ingila, Thomas Willis, ya yi bayanin wannan zobe a shekarar 1664.

In jijiya guda ta toshe

Kitse yana taruwa cikin jijiyar wuya sannu-sannu, kamar yashi a hanyar ruwa. Wani lokaci kuma gudan jini ne ke tokarewa. In jijiya guda ta toshe, jinin sauran yana zagayowa ta zoben, ya ceci wurin.

Amma zoben ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Na wasu cikakke ne, na wasu da giɓi. In toshewar ta zo sannu, ƙananan hanyoyi na samun lokacin buɗewa, mutum na iya tsira. In ta zo farat ɗaya, ko zoben na da giɓi, wurin da bai samu jini ba yana fara mutuwa cikin ƴan mintoci. In jijiyar dama ce ta toshe, ɓarin hagu ne ke shanyewa. In ta hagu ce, ɓarin dama ne, sau da yawa har da magana.

Alamomi

Baki ya karkace. Hannu ko ƙafa ya yi nauyi. Magana ta sarƙe. Ido guda ya rufe da duhu. Ko da alamar ta wuce bayan ɗan lokaci, gargaɗi ce babba.

Abin yi

Kada a jira wayewar gari. Kada a ɗura wa maras lafiya ruwa ko jiƙo, don yana iya shaƙewa. In ya suma, a kwantar da shi ta gefe. A kai shi gidan likita mafi kusa nan take, daga can a wuce babban asibitin Tawa. Kowace awa da aka ɓata, ɓarnar tana ƙaruwa.

Hawan jini, ciwon sukari da taba ne ke lalata jijiyoyi. A rage gishiri da magi a miya. Magidanta da mata su riƙa zuwa awon jini ko suna jin lafiya. Wanda aka ɗora kan maganin hawan jini, kada ya bari sai da izinin lokotoro. Rigakafi ya fi magani.