Kik ɗin Mota: Gaskiya da Shaci-faɗi Kafin Ka Ɗauki Sifana

"Kik ɗinka ya tafi, Alhaji." Hukuncin da aka fi saurin yanke wa mota ke nan da zarar an murɗa makulli ta ƙi tashi, kuma galibi mai yanke shi ko bonet bai buɗe ba. Daga nan sai shawarwari su yi ta zuba. Wannan ya ce a buga masa guduma, wancan ya ce a haɗa da sukundireba, wani ya rantse cewa wanda ba bakanike ba in ya taɓa wurin sai ya ƙona ƙwaƙwalwar motar. Akwai gaskiya a ciki, akwai rabinta, akwai kuma wadda za ta iya kai mutum asibiti.

Kik dai ƙaramin inji ne na lantarki, da ɗan giya mai haƙora a bakinsa. A gadon bayansa akwai wani gwangwani, solanoid, mai aiki biyu a lokaci guda: ya tura ɗan giyan ya shiga haƙoran babban faifan da ke tsakanin inji da giyabos, sannan ya haɗa wutar batir da kik ɗin. Inji na kamawa ka saki makulli, giyan ya koma mazauninsa. Tun 1912, da motar Cadillac ta fito da kik ɗin Charles Kettering aka fara huta wa juya inji da hannu, asalin dabarar ba ta yi wani nisa daga nan ba.

Cewa duk motar da ta ƙi tashi kik ne, wannan ba gaskiya ba ne, kuma ita ce jita-jitar da ta fi cin kuɗin mutane. Kunnenka ya isa ya raba gardama. In inji yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, kik ya sauke nauyinsa, a je a binciki mai, fulogi ko famfon mai. In ka ji ƙarar "ƙar-ƙar-ƙar" da sauri, fitilun dashbod suna lumshewa, kusan kullum batir ne ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. In shiru ka ji ɗungum, ko "ƙas" babu, duba fiyus da rile, ka kuma tabbata giyar otomatik tana kan fakin sosai, don wani lokaci mayar da ita firi kawai ke tayar da motar. Alamun da ke nuna kik ɗin kansa su ne "ƙas" guda ɗaya mai nauyi alhali batir lafiya lau, ko ka ji yana ta wulwulawa shi kaɗai bai ja inji ba.

Sai masu cewa, "Ai batirina lafiya, ga fitila tana kamawa, ga hon yana yi." Wannan hujja ba ta da ƙafa. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 bai cika jan amfiya biyar ba, shi kuwa kik ɗin ƙaramar motar fetur yana neman sama da amfiya 100 a tashi guda. Batirin da zai haska tsakar gida zai iya gaza motsa shi. Mita ce ke faɗin gaskiya: batir cikakke yana nuna kusan volt 12.6 in mota a kashe take, 12.2 ya kai rabi, kuma in ya faɗo ƙasa da 9.6 lokacin da ake murɗa makulli, da shi za a fara. Dubi kan batirin da kyau. Farin garin nan mai ɗan kore-kore da ke taruwa a gindinsa, ko kan da za ka iya juyawa da yatsu biyu, ya sa an sayi kik da yawa a banza. Haka ma wayar at da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji.

Maganar guduma tana da ƙamshin gaskiya. In burushin cikin kik ya cinye ko ya maƙale, ɗan ƙwanƙwasawa kan girgiza shi ya taɓa, mota ta tashi. Amma bugun shaida ce cewa kik ɗin ya gaji, ba magani ba ne. Kuma yawancin kik na ƙananan motocin zamani maganaɗisu ne manne a cikin jikinsu, mai fashewa in an dake shi da ƙarfi. Wanda ya zage ya sakar masa guduma ya mayar da gyaran burushi sayen sabo. Ƙotar katako ta wadatar, a hankali, don ka isa gida kawai. Turi kuma na motar manuwal ne. Otomatik ko unguwa guda aka tara ba za ta tashi da turi ba.

To, ko sabon shiga zai iya canzawa a gida? Masu cewa sam ba zai yiwu ba sun yi kuskure, masu cewa ai noti biyu ne kawai su ma ba su faɗi duka ba. Motar ce ke yanke hukunci. Ɗauki Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai inji 1.8, wadda ta cika titunanmu. Kik ɗinta yana gaban inji, ɓangaren lagireto, ƙarƙashin bututun shigar iska. Noti biyu masu lamba 14 ke riƙe da shi a jikin giyabos, babbar waya tana ɗaure da noti mai lamba 12 a ƙarƙashin wata hular roba, sai ƙaramin soket da ake dannawa a zare. Mai haƙuri da kayan soket masu dogon hannu zai yi shi cikin yini, ko da bai taɓa yi ba, sai dai ya ɗauki hoton wayoyin da wayarsa kafin ya kwance komai. Amma Honda Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007, nata ya ɓuya a bayan bututun iskar, har akasari sai an cire bututun kafin hannu ya kai. Land Cruiser da Lexus LX470 masu inji V8 na lita 4.7 kuwa, a tsakiyar injin aka binne shi, sai an ɗage duk saman tare da layukan mai. Irin wannan ba aikin koyo ba ne, a kai gareji.

Inda jita-jita ta fi haɗari shi ne batun batir. Za ka ji ana cewa wutar mota ba ta jan mutum, saboda haka ba sai an cire kan batir ba. Rabin farko gaskiya ne, volt 12 ba zai fizge ka ba. Rabi na biyu shi ke ƙona mutane. Babbar wayar kik daga batir take zuwa kai tsaye, a yawancin motoci babu fiyus a tsakani, kuma da wuta a jikinta ko makulli yana aljihunka. Duk ƙarfen motar kuwa at ne. Sifana ta taɓa notin wayar, gindinta ya taɓa inji, nan take ɗaruruwan amfiya su bi ta cikinta, ta yi ja, ta manne kamar an yi mata walda. In zoben azurfa ne a yatsanka ya shiga tsakani, yatsan ne zai gasu. Don haka a cire zobe da agogo, a fara kwance baƙin kan batir mai alamar cirewa, a lanƙwashe shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa ba, kuma shi ne na ƙarshen mayarwa. Tsoron cewa cire batir yana goge ƙwaƙwalwar mota an zuzuta shi. Agogo zai koma sifili, tashoshin rediyo su ɓace, rediyon wasu motoci irin Honda ya nemi lambar sirrinsa, silo ya ɗan yi rawa kafin ya daidaita. Iyakarsa ke nan.

Haɗa kik da sukundireba yana tayar da mota, ba ƙarya. Abin da ba a faɗa shi ne dabarar tana tsallake makunnin da ke hana mota tashi a cikin giya. In an bar ta a giya, tana kamawa za ta yi gaba, mai haɗawar kuma a gabanta yake tsaye ko a ƙarƙashinta yake kwance. Jak ɗin da ke but ma na canza taya ne kawai. Kada a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi, an ja hambirki, an sa waigi a tayoyin baya. Bulon siminti da ake yawan jerawa yana rugujewa ba tare da sallama ba.

A wajen saye ma akwai tatsuniya: wai in dai ramukan noti sun dace, kik kik ne. Yawan haƙoran giyan, tsawon bakin da irin soket ɗin duk suna bambanta, wani lokaci har tsakanin manuwal da otomatik na mota iri ɗaya. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannu, ka ajiye su gefe da gefe, ka ƙirga haƙoran da kanka. Ɗan Beljiyam ba lallai ya fi sabo ba, ba lallai kuma ya kasa shi ba. A haɗa shi da batir a gabanka ka ga giyan ya yi tsalle waje yana juyawa, ko da yake juyawa a kan tebur ba ta tabbatar da zai ja inji, don haka a yi ƙa'idar mayarwa kafin a biya.

Kafin ma a kai ga saye, ba kowane kik da ya yi gardama ne ya mutu ba. Na kamfanin Denso da ke cikin Toyota da yawa an san shi da ciwo guda: wasu 'yan faranta biyu na jan ƙarfe a cikin solanoid suna zaizayewa, sai ka ji "ƙas" sau uku ko huɗu kafin a na biyar ta tashi. Mai riwaya na ƙwarai zai buɗe murfin ya canza su, ko ya sa sabon burushi, a kan kuɗin da bai kama ƙafar farashin sabo ba. A ganina nan ne rabon aikin ya fi dacewa da sabon shiga: shi ya kwance, gwani ya buɗe cikin.

In an zo mayarwa, a goge fuskar da kik ke zama a jikin giyabos, domin ta nan yake samun at. A fara ɗaura notunan biyu da yatsu kafin a sa sifana, kar a labta giris a haƙoran giyan don ƙura za ta mayar da shi taɓo, kuma kar a matse notin babbar waya fiye da kima, murfin da yake zaune a kai yana tsagewa. In ka ga baƙin mai ya jiƙe tsohon, nemo inda yake ɗiga ka toshe, in ba haka ba sabon ma hanyar zai bi. Wajen gwaji kada a riƙe makulli ya wuce daƙiƙa goma, a bar shi ya huce kafin a sake. In kuma sabon kik ya shiga amma kana jin ƙarar gurzar ƙarfe, dakata nan. Ko bai zauna daidai ba, ko ba nata ba ne, ko haƙoran babban faifan ne suka ci, shi kuwa ba a kai gare shi sai an sauke giyabos.