3.4 Murhu da Tanderu a Kufan Gungunan Kwara

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, kogin Kwara yana shigowa Nijeriya ne ta ƙasar Bagudo, daura da iyakar Jamhuriyar Benin, kafin ya gangara Yawuri. A wannan tsakani akwai tsibirai waɗanda Hausawa ke kira gungu, kuma daga nan ne sunan Gungawa ya samo asali. Matsalar mai binciken kufai a irin wannan wuri ita ce, ambaliya tana narkar da ginin laka, ciyawa da itace kuwa ruɓewa suke yi. Abin da kan tsira shi ne wanda wuta ta gasa.

Sai dai ba kowace ƙonanniyar ƙasa ce shaidar ƙira ba. Murhun girki yakan bar toka da gawayi da ƙayar kifi da tsingaro mai baƙin hayaƙi. Tanderun narka tama kuwa, da yake zafinsa kan kai digiri 1,100 zuwa 1,200, yakan bar bangon yumɓu da ya narke, da guntayen bututun da iska ke bi, da kashin ƙarfe. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin murhu yana nuna cewa an zauna, tanderu kuwa yana nuna sana'a, tare da hanyar samun tama da gawayi mai yawa, abin da ƙaramin gungu ba zai iya wadatarwa ba sai an yi fito da su a kwalekwale. Saboda haka kashin ƙarfe shi kaɗai a gungu bai isa hujjar narka tama ba, yana iya zama na maƙeri ne da ke sarrafa ƙarfen da ya sayo.

An gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, aka tashi mutane sama da 40,000. Kafin ruwa ya hau an yi tonon gaggawa: A. J. Priddy ya tona wani tudu kusa da Yelwa, wanda awon gawayi ya nuna an zauna a kansa tun ƙarnonin farko na Miladiyya, David Breternitz kuma ya yi aiki a tudun Baha a 1968. Tonon gaggawa dai ba ya ba da damar bin kowane murhu daki-daki, kuma gungu da dama yanzu suna ƙarƙashin tafki.

Ta ɓangaren Benin, ayarin Anne Haour ya yi bincike a ƙasar Dendi daga 2011 zuwa 2015. A tudun Birnin Lafiya an gano daɓen tsingaro da ginin laka da wuta ta gasa, na zaman da ya ɗauki daga ƙarni na 4 zuwa na 13. Illo da Lolo suna kan wannan kwari ɗaya, kuma a saman tafkin suke, don haka da sakamakon Dendi ya fi dacewa a auna kufansu.