Bizar Birtaniya ta Masoya Marasa Aure: Sharuɗɗanta da Inda Ta Shafi Auren Musulmi

Daga cikin hanyoyin da dokar shige da fice ta Birtaniya ta tanadar wa iyalai, akwai wadda ke ba mutum damar zuwa ya zauna da wanda suke tare ba tare da aure ba. Da yawanmu kan kau da kai da jin sunanta, muna ganin ba ta shafe mu ba. Amma akwai Musulmi masu aure na halal, da waliyyi da shaidu da sadaki, waɗanda wannan ƙofa kaɗai ta rage musu, domin dokar Ingila ba ta ɗauke su a matsayin miji da mata ba. Shi ya sa ya dace magidanta da ɗalibai su san yadda take.

Abin da doka ta shar'anta

Wanda za a je wurinsa dole ya kasance ɗan Birtaniya ko Ireland, ko mai izinin zama na dindindin, ko wanda aka bai wa mafaka. Dukansu biyu sai sun cika shekara 18, sun taɓa haɗuwa ido da ido, kuma suna da niyyar zama tare na dindindin a ƙasar. Ana kuma buƙatar duk wata alaƙar aure ko makamanciyarta da ɗayansu ya taɓa yi ta zama ta ƙare baki ɗaya.

Babban sharaɗin shi ne dangantakar ta yi kama da aure, kuma ta kai aƙalla shekara 2 kafin ranar neman biza. A da sai an tabbatar da cewa an zauna a gida ɗaya tsawon wannan lokaci. Daga 31 ga Janairun 2024 aka sassauta: zama a gida ɗaya ya daina zama tilas, muddin akwai dalili karɓaɓɓe na rabuwar muhalli, kamar aiki ko karatu ko al'ada, kuma akwai hujjar ɗorewar alaƙar, irin su ziyarce-ziyarce, ɗawainiyar kuɗi da renon 'ya'ya.

Sai batun samu. Tun Yulin 2012 mafi ƙarancin kuɗin shiga da ake nema fam 18,600 ne a shekara, amma daga 11 ga Afrilun 2024 ya koma fam 29,000. Wanda zai dogara da ajiya zalla yana buƙatar fam 88,500 da suka yi wata 6 a asusu. Akwai jarrabawar Turanci ta matakin farko, da shaidar wadataccen masauki, da gwajin tarin fuka ga masu nema daga Nijeriya, da harajin kula da lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, ban da kuɗin bizar kanta. Wanda ya nema daga waje ana ba shi wata 33, ya sabunta na wata 30, sannan bayan shekara 5 ya nemi zaman dindindin.

Auren da aka ɗaura a gida

Ƙa'idar Birtaniya ita ce, auren da ya inganta bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi ya inganta a wurinta. Dokar Nijeriya ta amince da auren Musulunci, saboda haka wanda aka ɗaura wa aure a Kano ko Sakkwato ko Zariya mai aure ne, kuma bizar ma'aurata ce tasa, wadda ba ta da sharaɗin jiran shekara 2. Ko da wakilai ne suka karɓa ango yana can ƙetare, kamar yadda muka saba, auren na iya karɓuwa, sai dai sharaɗin haɗuwa ido da ido yana nan daram. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne sakaci da takarda. Taron jama'a da goro da alewa ba su zama hujja a gaban jami'in biza ba. Takardar shaidar aure daga hukumar da ke da hurumi, tare da fassararta idan da Hausa ko Larabci take, ita ce abin dubawa.

Auren da aka ɗaura a Ingila

A nan ne matsalar take. A Ingila da Wales, Dokar Aure ta 1949 ta tanadi cewa sai an ba da sanarwa a ofishin rajista, an ɗaura auren a wurin da doka ta amince da shi, a gaban magatakarda ko wanda aka bai wa izini. Nikahin da aka yi a falo, ko zauren biki, ko masallacin da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, doka ba ta ƙidaya shi aure. A Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jaddada haka a shari'ar Akhter da Khan, game da nikahin da aka yi a wani gidan abinci a Landan a 1998, duk da cewa ma'auratan sun shafe kusan shekara 18 tare kuma sun haifi 'ya'ya 4.

Ɗalibin da ya auri 'yar ƙasa da nikahi kaɗai, to a idon Ma'aikatar Cikin Gida su masoya ne kawai. Ko dai su yi rajistar auren, ko su jira cikar shekara 2 su bi wannan hanya. Illar ba ta tsaya kan biza ba. Idan mijin ya rasu bai bar wasiyya ba, matar ba ta da gadon da doka ke bai wa matar aure kai tsaye, idan kuma aka rabu ba ta da haƙƙin da kotu ke yanke wa wadda aka saka. Rajista ba ta rage wa nikahi komai, illa ma ta tsare haƙƙin da Musulunci ya riga ya wajabta a tsare.

Tarkuna biyu

Na farko shi ne zaman dadiro. Wasu matasa kan ji cewa zama tare yana ƙarfafa hujja, sai su tare a gida ɗaya ba aure don tara takardun haya da na wuta. Halaccin abu a dokar wata ƙasa ba ya halatta shi a shari'a. Ga wanda bai yi aure ba tukuna, akwai bizar baiko ta wata 6, wadda ke ba shi damar shiga ya ɗaura aure, ko da yake ba a yarda ya yi aiki a cikinta ba. Haka nan auren bogi da takardun jabu ƙarya ce da yaudara, kuma idan asiri ya tonu za a hana bizar, tabon kuma ya bi mutum zuwa buƙatunsa na gaba.

Na biyu ya shafi mai mace fiye da ɗaya. Tun daga Dokar Shige da Fice ta 1988, Birtaniya ba ta barin mace ta shiga a matsayin matar aure idan kishiyarta ta riga ta shiga da wannan matsayi kuma auren yana nan. Wasu kan ba da shawarar a gabatar da amarya a matsayin masoyiya, alhali sharaɗin cewa alaƙar baya ta ƙare ya toshe wannan hanya, sai dai in mutum zai yi ƙaryar ya saki uwargida. Furta saki kuwa ba abin wasa ba ne a fiƙihu, kuma ya kamata a tambayi malamai kafin a sa hannu kan irin wannan takarda.

Nasiharmu ga iyaye ita ce, kafin a ba da 'ya ga mazaunin Birtaniya, a tambayi matsayin zamansa, da ko samunsa ya kai abin da doka ta yanka, da inda za a yi rajistar auren. Dokokin suna sauyawa akai-akai, don haka a duba shafin gwamnatin ƙasar kafin a biya ko sisi, kuma a nemi lauya mai lasisi maimakon dillalan biza. Allah Ya albarkaci aurarrakinmu, Ya tsare mana zuri'armu a duk inda suke.