Kunkuru a Tsakar Gida: Amanar Mai Sayarwa da Nauyin da ke Kan Mai Kiwo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa masu karatu, gidaje da yawa a Yamai, Maraɗi da Damagaram suna da kunkuru a tsakar gida. Wasu sun gaje shi daga iyaye, wasu sun saya wa yara a hannun masu tallan dabbobin daji a bakin titi. Ƴan'uwanmu mazauna Faransa da Amurka kuwa sukan same shi a kantunan sayar da dabbobin gida, a jere da hawainiya, damo da mesa. A ko'ina mai saye kan ɗauki maganar mai sayarwa a kan abincin dabbar tamkar hukuncin alƙali. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba tambayoyi biyu: ina iyakar yarda da ɗan kasuwa, kuma wa za a tambaya ranar gobe idan dabbar ta mutu da yunwa a hannunmu?

Kunkurun Sahel da kasuwar duniya

Babban kunkurun da muka sani, wanda masana ke kira sulkata, ɗan asalin Sahel ne, daga Senegal har zuwa Iritiriya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ana ƙyanƙyashe shi bai wuce santimita 5 ba, amma namiji kan haura kilo 50 in ya manyanta, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 70. Wanda ya saya wa ɗansa shi yau, mai yiwuwa jikokinsa ne za su gaji ciyar da shi.

Yarjejeniyar CITES, wadda aka rattaba wa hannu a Washinton a 1973, ita ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijar, Nijeriya, Kamaru, Cadi da Gana duk suna cikinta. A shekarar 2000 aka hana fitar da sulkatan da aka kamo daga daji domin kasuwanci. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta hana shigo da shi, saboda kaskar da ke jikinsa mai ɗauke da cutar da ke kashe shanu da tumaki. Duk da haka Amurkawa sun ci gaba da hayayyafa shi a can, kantuna suna sayar da ƴan ƙanana ga mutanen da ba su san girman da za su yi ba. Bayan ƴan shekaru sai a ga an kai su gidajen ceton dabbobi, domin sun fi ƙarfin ɗaki. A nan gida kuwa yawansa a daji sai raguwa yake yi, saboda kamu da ƙarancin makiyaya.

Abin da shari'a ta ɗora wa mai sayarwa

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, sai ya bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. A hadisin Hakimu ɗan Hizamu kuma an nuna cewa albarkar ciniki tana tare da faɗin gaskiya da bayyana aibi, ɓoyewa da ƙarya kuwa suna shafe ta. Wannan hukunci bai tsaya ga hatsi da tufafi ba. Wanda ya ce wa mai saye kunkuru ba ya shan ruwa, ko ba ya girma, ko yana cin duk abin da aka ba shi, alhali ya san ba haka ba ne, ya yi algus. Wanda ya faɗa bisa jahilci kuwa ya yi magana a kan abin da ba shi da iliminsa.

Ba mu ce duk masu wannan sana'a maha'inta ba ne. Sai dai mu tuna cewa mai kanti yana son kayansa su fita, kuma yaron kanti da ke sayar da kifi, tsuntsu da zomo a rana ɗaya ba lalle ne ya san cikin kowace dabba ba. Ana gane mai amana da alamu. Yakan faɗi inda dabbar ta fito, ya nuna takarda idan doka ta buƙata, ya faɗi girman da za ta kai, ya bar mai saye ya ga tana cin abinci, kuma ya yarda a mayar masa in aibi ya bayyana. Kunkuru mai lafiya yana da nauyi a hannu, idanunsa a buɗe, hancinsa babu majina, ƙoƙon bayansa kuma da tauri in ya wuce jarirantaka. A Nijar akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998, saboda haka kafin saye a tuntuɓi ma'aikatan kula da gandun daji.

Nauyin da ke kan mai gida

Hausawa na cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da zarar dabba ta shigo gida, uzurin cewa mai sayarwa ne ya faɗa ya ƙare. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A Mukhtasar na Shaihu Khalil an bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi kuwa a tilasta masa rabuwa da ita. Kunkurun da ke cikin katangar siminti ba shi da wata makiyaya sai hannunmu.

Ciyarwa kuma tana nufin ba shi abin da aka halitta cikinsa dominsa. Sulkata makiyayi ne kamar tunkiya. Mafi yawan abincinsa ciyawa ce, ɗanya da busasshiya, sai ɗan ganye kamar na kabewa. Ragowar tuwo da miya, shinkafa, burodi, nama da madara duk suna cutar da shi sannu a hankali. Latas kusan duk ruwa ne, mangwaro da kankana kuwa zaƙinsu kan ɓata masa ciki in sun yawaita. Abinci mai yawan furotin tare da ƙarancin ruwa yana jawo masa tsakuwa a mafitsara da ciwon ƙoda.

Gaskiya ne ɗan busasshiyar ƙasa ne, amma a daji yakan haƙa rami mai tsawon mitoci ya ɓuya cikin sanyi da laima lokacin bazara. A gida dole a tanadar masa inuwa, ƙasar da zai tona, da faffaɗan kasko marar zurfi mai tsabtataccen ruwa. Yana kuma bukatar hasken rana kai tsaye, domin da shi jikinsa ke haɗa bitamin D wanda ke kai sinadarin kalsiyam ga ƙashi. Wannan sashe na hasken ba ya ratsa gilashin taga, shi ya sa masu kiwo a Turai suke sayen fitila ta musamman. Rashin rana da kalsiyam kan sa ƙoƙon ya yi laushi, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka ana barbaɗa shi kaɗan a kan ganye don cike wannan giɓi.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu bari, wato huda gefen ƙoƙon kunkuru a ɗaura igiya. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, yana da jini da jijiyoyi. Huda shi azabtarwa ce.

Sauran masu jan ciki

Hawainiya ƙwari masu rai take ci, kuma ɗigon ruwa a kan ganye take lasa, ba kasafai take sha a kwano ba. Damon da ake fitarwa daga Gana, Togo da Benin zuwa kantunan Turai da Amurka, abincinsa a daji mafi yawa ƙwari ne da dodon koɗi, kuma yawan ba shi ɓeraye kan sa masa ƙiba mai kisa. Mesa kuwa ɓera sukutum take haɗiya. Wanda ba zai iya samar da waɗannan kullum ba, barinsu a daji shi ne alheri. Dukansu ba sa kuka kamar akuya in sun ji yunwa. Damo sarkin haƙuri ne, amma haƙurinsa ba hujja ba ce gare mu. Sukan yi watanni suna ramewa shiru, ranar da aka lura kuwa sau da yawa lokaci ya ƙure.

Lafiyar yaranmu

Masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a kashinsu ba tare da sun nuna alama ba, ita kuwa tana jawo wa mutum zawo da zazzaɓi. Saboda yawan yaran da suka kamu, Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ƙififiya waɗanda ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba, wato kimanin santimita 10, tun 1975. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana shawartar gidajen da ke da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kada su ajiye irin waɗannan dabbobi. Iyaye mata su kula: a wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, a nisanta shi da madafa da randar ruwa, kada a wanke kaskonsa tare da kwanonin abinci.

Shawararmu ga magidanta ita ce a yi tambaya kafin a biya kuɗi, a ji ta bakin likitan dabbobi bayan an ji ta mai kanti, a kuma sa babba ɗaya a gida ya ɗauki nauyin ciyarwa, kada a bar wa yara su kaɗai. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya miƙa dabbar ga ma'aikatan gandun daji maimakon ya yar da ita a bola. An gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya sanya a ƙarƙashinmu, Ya sa albarka a cinikinmu da gidajenmu. Amin.