Gahawar da ta ƙona Stella

Ranar 27 ga Fabrairu, 1992, wata dattijuwa mai shekara 79, Stella Liebeck, ta sayi gahawa a shagon McDonald's da ke Albuquerque, jihar New Mexico ta Amurka. Jikanta ne ke tuƙi. Ya tsayar da mota don ta zuba sukari da madara. Motar ba ta da wurin ajiye kofi, sai ta matse shi tsakanin gwiwoyinta, ta ja murfin. Gahawar ta kife mata a cinya gaba ɗaya, wandon audugar da ke jikinta ya tsotse ruwan, ya manne da fata.

Kwana 8 ta yi a asibiti, sai da aka yi mata dashen fata. Ta nemi kamfanin ya ba ta dala 20,000. Suka ce 800 za su bayar.

Sai ta kai su ƙara, kuma a kotu ne asiri ya tonu. Kamfanin yana sayar da gahawa da zafin digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salsiyos, zafin da ke cinye fata cikin daƙiƙu kaɗan, kuma cikin shekara goma ya karɓi ƙorafin ƙuna sama da 700 bai sauya komai ba.

Masu yi wa tsohuwar nan ba'a har yau, wai ta ƙona kanta ta ci banza, ba su san cewa kotu ba ta wanke ta ba. A watan Agusta 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora wa kamfanin kashi 80 cikin 100 na laifin, ita kuma kashi 20, tunda da hannunta ta buɗe murfin a cinya. Saboda haka diyyar dala 200,000 ta koma 160,000. Sun ƙara tarar horo ta dala miliyan 2.7, alƙali ya rage ta zuwa 480,000, daga baya aka sasanta a asirce.

A ganina rabon nan adalci ne, domin kowa ya ɗauki nauyin da ya dace da shi. Wata tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila ta 1809 kuwa ba ta san rabo ba: in akwai sakacinka komai ƙanƙantarsa, ko sisi ba ka samu. Ingila ta soke ta a 1945, amma jihohin Alabama, Maryland, Virginia da North Carolina na Amurka suna aiki da ita har yanzu.